Bututu a Wuyan Adda

Wata Talata ce a tsakiyar watan Janairu, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, a ɗakin ganin likita na wani asibiti a nan Dutse. Mu huɗu muka shiga: mahaifiyata, da ƙanenta Kawu Manu, da ƙanwata Maryama wadda ke aure a Buji, da ni. Likitan ya sa mahaifiyata ta zame mayafi, ya ba ta ruwa ta haɗiya yana kallon wuyanta. Da ya gama ya ce maƙoƙon da ke wuyanta ya fara danne hanyar iska, sai an yi aiki, kuma a Kano za a yi.

Aikina karanta labarai ne a gidan rediyo, saboda haka zan kawo abin da ya faru a jere. Na rubuta shi ne domin waɗanda za a yi wa wani nasu aiki a maƙogwaro, musamman mutanenmu.

Akwai abin da sai an san shi kafin a gane sauran. Ni ne ɗan fari. A gidanmu, kamar a gidajen Fulani da yawa a ƙasar Kiyawa, uwa tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta cin abinci a gabansa. Da aka yaye ni, kakata Inna ta ɗauke ni, a ɗakinta na girma. Na taso na ji kowa yana ce wa mahaifiyata Adda, wato yaya, ni ma na bi sahu. Ita kuma in za ta yi maganata sai ta ce “na Inna”. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙiyayya ba, don man shanu mafi kyau gidana ake aiko shi. Sai dai na haura shekara arba'in ban tuna ranar da hannuna ya taɓa jikinta ba.

Maƙoƙon ya daɗe a wuyanta, tun bayan haihuwar Maryama. Ba ya ciwo, don haka ba wanda ya ɗauke shi cuta. A bara ne ya sauya. Ta daina kwanciya rigingine, ta koma barci a jingine da bango. Tuwo ya fara tsaya mata, ta koma fura da kunu. Ba ta gaya wa kowa ba. Maryama ce ta je suna gida, suka kwana ɗaki ɗaya, ta ji yadda numfashinta ke fita kamar ana jan igiya a bakin rijiya. Kafin maganar ta iso gare ni, Kawu ya riga ya kawo wanzami ya yi mata tsaga, an sha rubutu, an ɗaura ganye.

Da muka fito daga wurin likita, Kawu ya tsaya a gindin wata bishiyar darbejiya ya ce, “Kun dai ji da kunnenku. Yanka ya ce, a wuya. Mu a wuya rago muka san ana yankawa.”

Maryama ta ce, “Kawu, kai da aka cire maka haƙori har wasiyya ka bari, ga ka nan kana cin ƙashi.”

“Haƙori daban, maƙoshi daban, 'yar nema.”

Adda tana gefe tana gyara mayafi. Ta ce wa Maryama da Fulatanci, “Gaya wa na Inna a yi abin da likita ya ce.” Ina tsaye kusa da ita, na ji sarai, amma na jira Maryama ta maimaita mini. Haka muke yi.

Watan Fabrairu a hanyar Kano ya ƙare. Mukan bar Dutse bayan sallar asuba, mu tarar layin kati ya riga ya zagaye baranda. Gwajin jini rana guda, hoton wuya wata rana, hoton ƙirji wata. Akwai zuwan da muka yi aka ce na'urar ta lalace, muka juyo ba a yi komai ba. An sayar da bijimi ɗaya, daga baya aka ƙara da karsana. Aka sa ranar aiki bayan ƙaramar Sallah.

Ana gobe aiki, babban likitan ya zaunar da ni. Ya ce a bayan maƙoƙon akwai jijiyoyi biyu, sirara kamar zaren ɗinki, su ne ke buɗe ƙofar iska a maƙogwaro, su ne kuma ke ba da murya. Kalmominsa sun zauna mini: “In ɗaya ta taɓu, murya ta dushe. In biyun suka taɓu, ƙofar ta rufe.” Ya ce ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma maƙoƙon da ya yi shekaru yana da wuyar rabuwa da abin da ya manne wa. Na sa hannu. A ranar kuma wata matashiyar likita ta zo ta ce tana bincike ne a kan matsalolin da ke biyo bayan aikin maƙogwaro, tana neman izinin ta riƙa kiranmu a waya bayan an sallame mu. Maryama ta fassara wa Adda, Adda ta gyaɗa kai.

An shiga da ita da safe, aka ce mana zuwa azahar za a gama. Sai bayan la'asar likitan ya fito. Ya ce an cire maƙoƙon lafiya, amma da suka zo farkar da ita, iska ta ƙi shiga. Dole suka huda ƙasan wuyanta suka sa bututu, ta nan take numfashi yanzu. Ya ce, “Ba a yanke jijiyoyin ba, sun dai sha ja. Barci suke yi. Wasu suna farkawa cikin watanni, wasu ba sa farkawa.” Ban ga alamar ɓoye-ɓoye a fuskarsa ba, kuma har yau ina yi masa godiya da ya faɗa mini haka kai tsaye.

Ta yi kusan mako biyu a kwance. Ba ta iya magana, domin iskar tana fita ta bututun tun kafin ta kai inda murya take. Yatsunta suka riƙa yin wani irin tsami suna ƙandarewa, aka ce sinadarin ƙashi ne ya ragu a jininta, aka ba ta magani ya lafa. Ma'aikatan jinya sun yi ƙoƙari. Na ga wata tana zuƙe majina daga bututun da na'urar ƙafa, ana zafi, babu wuta, gumi yana ɗiga daga haɓarta. Amma na'urar guda ce a ɗakin, masu bututu kuwa ba Adda kaɗai ba ce, wani lokaci sai an jira. Maryama ce ke kwana da ita. Mu maza sai lokacin dubiya.

Ranar sallama, babbar ma'aikaciyar jinya ta zo da faranti ta ce, “Wa zai kula da ita a gida?”

Maryama ta sauka layin karɓar magani. Kawu ya nuna ni ya ce, “Ga mai boko nan.”

Zaɓin bai yi kama da kuskure ba. Gidana a Limawa yake, cikin Dutse, akwai wuta wani lokaci, asibiti yana kusa, kuma an riga an yanke shawara can za ta zauna. Ma'aikaciyar ta nuna mini cewa bututun biyu ne, ɗaya cikin ɗaya. Na waje an ɗaure shi da igiya a wuya, ba a taɓa shi. Na ciki shi ake murɗawa a zaro, a wanke, a mayar, sau da yawa a rana. Ta ce, “In na ciki ya toshe, babu maganar neman mota, babu maganar asibiti. Nan take za ka zare shi. Kuma kada a yi kokawa da ita, in na waje ya fita ba za ka iya mayar da shi ba.” Sannan ta ce in zo in gwada.

Adda ta juyar da fuska bango, ta kama mayafi ta rufe wuya.

Ma'aikaciyar ta ce, “Haba Mama, ɗanki ne fa. Tsoron me kike yi?”

Kawu ya ɗaga kai yana kallon fanka. Ni na tsaya da hannuwana a baya. Mu uku mun san dalili, ba wanda ya faɗa, domin yin bayanin kunya a gaban mai kunyar shi ma keta ta ne. Ana kiran ma'aikaciyar daga wani gado. Ta ba ni wani bututu na ajiya na gwada murɗawa a tafin hannuna, ta ce na iya, ta wuce.

A gida muka tsara abin yadda ya dace da mu. Maryama tana ciki da Adda, ni ina bayan labule ina faɗa wa Maryama abin da za ta yi. Hamma take kirana, wato wa da Fulatanci.

“Murɗa hagu.”

“Hamma, hagunka ko haguna? Kai da ba ka gani, sai ba da umarni kamar kana karanta sanarwar gwamnati.”

Cikin 'yan kwanaki hannunta ya faɗa, ta daina buƙatar muryata. Muka ajiye wa Adda kwanon sha da cokali a gefen gado, in tana son wani abu ta ƙwanƙwasa.

Lokacin bazara ne, zafi ya kai inda ya kai. Hanci yana jiƙa iska kafin ta sauka ƙirji, bututu kuwa ba ya yi. Majina tana bushewa a ciki ta yi tauri kamar ƙaro. An ce mu riƙa ɗora ƙyalle mai laima a bakin bututun, mu yawaita ba ta ruwa. Masu dubiya suka yi ta zuwa daga Kiyawa da Buji. Wata gwaggo ta zo da kasko za ta yi turare don warin ɗaki, na tare ta a ƙofa, ta tafi da fushi. Kawu ya zo da man shanu a kwalba ya ce a narka a ɗiga a ramin, zai sa laushi. Na ce masa ramin kai tsaye yake zuwa huhu. Ya ce to a shafa a gefe. Na ce a ci da tuwo. Ya ce boko ya ɓata ni, ya bar kwalbar.

Likitar mai bincike tana kira lokaci-lokaci. Akwai zazzaɓi? Akwai jini? Tana haɗiya ba ta ƙwarewa? Akwai wanda aka koya wa kula da bututun a gidan? Nakan ce akwai, kuma gaskiya ne.

A mako na uku surukar Maryama ta rasu a Buji. Dole ta tafi, kuma ba za ta dawo ba sai an yi sadakar uku. Kafin ta fita ta koya wa matata Hauwa. Hauwa 'yar cikin garin Dutse ce, malamar firamare, ba ta taso cikin irin wannan kunyar ba, amma ta zauna da mu ta san iyakarta. Adda ta yarda Hauwa ta taɓa ta, tana runtse ido. Sai dai ba ta taɓa ƙwanƙwasa kwano don ta kira surukarta ba. Hauwa ce ke shiga da kanta.

Washegari Hauwa ta wanke bututun da safe ta tafi makaranta, da niyyar ta leƙo lokacin tara. Masu duba makarantu suka zo, ba ta samu fita ba. Ni aikin yamma gare ni, ina falo ina fassara labarai. Yara suna makaranta. Daga ni sai Adda a gidan.

Gab da azahar na ji wani sauti siriri. A aikinmu ana koya wa mutum sauraren numfashi, domin makirufo ba ya ɓoye shi. Na ɗauka fanka ce, na kashe ta. Sautin yana nan, kamar fito, yana zuwa yana ɗaukewa, daga ɗakin Adda. Kwano bai yi ƙara ba.

Na yi sallama na ɗaga labule. Tana zaune a bakin gado, ta sunkuyo, tafin hannuwanta a kan gwiwa. Kafaɗunta suna ɗagawa da kowane ja, fatar ƙasan wuyanta tana shigewa ciki. Leɓunanta sun yi launin toka. Kwanon da cokalin suna nan kusa da cinyarta, inda hannunta zai kai ba tare da ta miƙe ba. Daga yanayinta, ta daɗe a haka.

Da ta gan ni ta ja mayafi ta rufe wuya, ta kau da kai. Ta ɗaga hannu ɗaya ta nuna ƙofa, ta yi alamar ɗankwali a kanta. Hauwa take nufi.

Na ce, “Adda, Hauwa tana makaranta. Maryama tana Buji. Ni kaɗai ne.”

Ta girgiza kai.

Na fi ta ƙarfi, zan iya ɓamɓare hannunta. Amma za ta yi turjiya, kuma an gaya mini abin da zai faru in na waje ya fita. Maƙwabciyarmu tana gida, sai dai ba ta san yadda ake murɗa shi ba, kuma babu lokacin koyarwa. Na zagaya ta bayanta, na kama gefen mayafin da ke kan kafaɗarta, na ɗaga shi ta saman kanta na sake shi ya sauko ya rufe mata fuska har haɓa.

Na ce, “Ba kya ganina, ba na ganinki. Wuyan kawai.”

Hannunta ya ci gaba da riƙe mayafin a wuya. Fiton ya ƙara sirancewa. Sannan yatsun suka buɗe, hannun ya koma kan gwiwa.

Na durƙusa. Na dafe na waje da yatsu biyu, na murɗa na ciki. Ya ƙi, ya manne. Na ƙara murɗawa a hankali, ya saki. Bakinsa a toshe yake da busasshiyar majina, ramin da ya rage bai fi tsinken tsintsiya ba. Iska ta shiga da ƙara, ta yi tari mai ƙarfi, abin da ya fito ya sauka a gaban rigata. Na zuƙe sauran da na'urar hannun da aka ba mu ranar sallama, na sa bututun ajiya, na jiƙa ƙyalle na ɗora. Fatar wuyanta tana da sanyi da gumi. Na tsaya har na ga kafaɗunta sun sauka. Ba ta yaye mayafin ba sai da na fita na saki labule.

Da Hauwa ta dawo muka sa ta a keke mai ƙafa uku muka kai ta asibiti a nan Dutse. Aka ce ƙirjinta ya fara kamuwa, aka yi mata allurai na mako guda. Likitan da ya duba ta ya tambayi tsawon lokacin da ta ɗauka a toshe. Na ce ban sani ba, kuma ita ba za ta iya faɗa ba.

Maryama ta dawo ta ji labari, ta shiga ɗakin ko mayafi ba ta ajiye ba. Ina jin ta daga falo.

“Adda, cokali yana hannunki! Da kin mutu me za mu ce wa mutane? Mu ce tana jin kunya?”

Hauwa ta gaya mini Adda ta ɗora yatsa a kan leɓenta ne kawai, ta nuna wa Maryama tabarma ta zauna.

Kawu ya zo ranar kasuwa. Na ba shi labarin a zaure. Ya daɗe yana juya sandarsa, sannan ya ce, “Ta yi daidai. Kai ma ka yi daidai.”

Maryama tana kawo masa ruwa ta ce, “Kawu, biyun ba za su zama daidai ba.”

“Ke yarinya ce. Ajiye ruwan.”

Daga ranar, wankin tsakar rana ya zama nawa duk lokacin da matan ba sa nan. In na yi sallama, kafin in ɗaga labule ta riga ta sauke mayafi a fuska da kanta. Amma ba ta taɓa ƙwanƙwasa mini kwano ba, ko sau ɗaya. Saboda haka na daina jiran kwano. Na ɗaura wankin a kan lokutan sallah, na kuma daina kunna fankar falo in mu biyu ne a gidan.

Da likitar mai bincike ta kira, na ba ta labarin duka. Sai ta shiga tambaya. Ɗan fari kaɗai ne, ko har da suruki? Uba fa, yana kunyar ɗiyarsa ta fari? Ta ce ta sha ganin tsofaffi suna juya fuska lokacin koyarwa, tana ɗauka tsoro ne. Ta ce daga yanzu za ta riƙa fitar da dangi waje ta tambayi mara lafiya da kanta wanda za ta yarda ya taɓa ta. Ban san ko an ci gaba da yin hakan ba.

Abin da zan ce wa wanda za a sallami nasa da bututu a wuya kaɗan ne. Kada a koya wa mutum ɗaya. Kada kuma a zaɓa saboda boko ko saboda gidansa yana da wuta. A koya wa duk wanda zai iya zama shi kaɗai da mara lafiya a gida, a kan wuyan mara lafiyar, ba a tafin hannu ba. In akwai kunya tsakani, a ja ma'aikaciyar jinya waje a gaya mata. Kuma kada a dogara da cewa mara lafiya zai kira. Ina godiya ga likitocin da suka huda wuyan Adda a kan lokaci, da ma'aikaciyar da ta ce mini “nan take”. Ƙorafina shi ne darasin da ran mutum ya rataya a kansa an ba da shi a tsaye, ana kiran mai koyarwar daga wani gado.

A ƙarshen damina muka koma Kano. Aka zura wata siririyar na'ura mai fitila ta hancinta, likitan ya duba ya ce ɓangare ɗaya ya farka, ɗayan bai motsa ba. Ya ce ɗayan ya isa numfashi. Aka fara toshe bututun na ɗan lokaci, ana ƙarawa a hankali, har ta kwana da shi a toshe. Sannan aka cire, ramin ya rufe da kansa.

Ta koma gida lokacin kaka. Tana shan ƙwaya ɗaya kowace safiya, kuma an ce har ƙarshen rayuwa. Tana numfashi ta hanci kamar kowa, tana kwanciya rigingine, tana cin tuwo. Muryar ta dawo ƙasa-ƙasa, ba ta ƙetare tsakar gida. Ta daina kai nono kasuwar Kiyawa tunda talla sai da murya, matar ƙanena ce ke kaiwa yanzu.